Fitilar Hanya da Fitilar Kallo: Sharhin Baiti Bakwai

 

Dalilin wannan ɗan littafi gardama ce da ta tashi a unguwarmu ta Zongo, cikin birnin Kwatano, tsakanin dattawa da samari. Tun da aka gyara manyan tituna aka jera musu fitilu, aka kuma buɗe filin babban mutum-mutumin nan na bakin teku a shekarar 2022, samarinmu suka ɗauki al'adar fita bayan lisha. Su ratsa Ganhi, su hau gada, su juyo ta bayan tashar jiragen ruwa, suna ta ɗaukar hoto da waya. Dattawa suka ce wannan gafala ce da yawon banza. Samari suka ce shan iska ne, ba mu sha komai ba, ba mu taɓa kowa ba, gari kuwa da mu a cikinsa. Aka kawo mini maganar, ni da ba alƙali ba. Na ce ba na yanke magana a kan abin da ban gani ba. Sai na bi hanyar da ƙafata a watan Janairu na 2024, sa'ad da hazo ya sauko har bakin teku, ni da almajiri ɗaya. Da na komo na tsara baiti bakwai, ga su nan da sharhinsu. Wanda ke so a ce masa halal ko haram ya kaɗe riga ya tashi, ba zai ƙoshi a nan ba, domin tambayar da na samo a hanya wata ce daban, watau wane haƙƙi ne ke hawa kan ido idan ya ji daɗin haske.

*Ga fitilun birni bisa gaɓa,*
*Mai tafiya tsaya nan ka yi lura.*

Gaɓar da a ke nufi ita ce ta ruwan da ya raba Kwatano biyu, ya bar Akpakpa a gabas, ya bar mu da tashar jirage a yamma. Baƙo yakan ce masa kogi. Ka sani, ya ɗan'uwa, wannan ruwa ba shi da mafari irin na Kwara ko Gulbin Maraɗi, hannun mutum ne ya buɗe masa ƙofa. A arewacin gari akwai babban tabki mai suna Nokuwe, wanda kogin Weme ke zuba a cikinsa, da can kuwa tudun rairayi ya tsare shi daga teku. A shekarar 1885 aka yi ambaliya, Faransawa suka haƙa ɗan lambatu cikin rairayin don ruwa ya sami mafita. Cikin 'yan kwanaki ruwa ya yage lambatun ya mai da shi abin da ka ke gani, tsawonsa ya fi kilomita 4. Daga nan gishirin teku ya sami hanyar shiga tabki, kifi ya sake, sana'ar masunta ta sake tare da shi. Sunan garin kansa, a harshen Fon, ma'anarsa bakin ruwan mutuwa.

Gada uku na iske a kan wannan ruwa. Na tsaya a kan tsohuwar, wadda aka gina wajen 1930, kusa da babbar majami'ar nan mai ratsin ja da fari. Idan ka fuskanci arewa a wannan sa'a, kowace fitila ta zama biyu, ɗaya a sama tana tsaye, ɗaya a cikin ruwa tana rawa. 'Yan zemijan masu rigar ɗorawa suna ta zuba a kan gadoji kamar an kwance carbi na wuta. Can wajen yamma ƙugiyoyin tasha sun miƙa wuya sama kamar raƙuman dawa, kowace da fitila a ka. Hazo kuma ya yi wa kowane ƙwai da'ira irin wadda wata kan yi. Ba zan ɓoye ba, abin yana da kyau, na kuma daɗe a tsaye har almajirina ya yi gyaran murya.

Abin da ya sa na ce lura ban ce kallo ba, saboda Bahaushe ya raba aikin ido. Gani ba ka da zaɓi a cikinsa, jaki ma yana gani. Kallo shi ne ka tsai da ido a kan abu don jin daɗi. Lura kuwa ita ce ka aiki hankali ya bi bayan ido ya komo maka da labari. Dattawanmu kallo su ke tsoro, samarinmu gani su ke karewa, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa, domin kowa rijiyarsa daban ya ke zura guga.

*Wata fitila domin ka ga hanya,*
*Wata kuwa don kallo aka tsara.*

Watau fitilun da ke bakin ruwa iri biyu ne, kuma akwai alama mai sauƙi ta rarrabe su: dubi inda fitila ta juya fuska. Fitilar hanya ƙasa ta ke duba. Ita ce ta kan titi da ke nuna maka rami, ita ce aci-balbal ɗin mai ƙosai da ta ke ƙirga canji da ita, kai ma ka duba ko kuɗin da ta ba ka na kirki ne. Daga cikinta akwai ja da kore na ƙofar tasha, waɗanda matuƙin jirgi ke karantawa da dare ya san ta inda zai shiga. Fitilar kallo kuwa a ƙasa a ke dasa ta, a juya fuskarta sama, ta bugi bango ko hasumiya ko tagulla. Idan fitilar hanya ta mutu wani zai karye. Idan ta kallo ta mutu ba wanda ya yi hasara sai mai ɗaukar hoto.

To, kada ka yi gaggawa ka ce ashe ta biyun banza ce. Ban faɗa ba. Magabatanmu a Zariya da Damagaram sun zana fuskar gidajensu da ado mai wuyar aiki, alhali zanen ba ya tare ruwan sama, ba wanda kuma ya ce sun yi ɓarna. Mutum ba ciki kaɗai ba ne. Na ga mai dako da ya yini yana tura amalanke ya zo da matarsa da 'ya'yansa filin nan, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa da mai babbar mota, ba wanda ya karɓi ko dala a hannunsa. A birnin da komai sai da kuɗi, har wurin kama ruwa, abin da talaka zai mora kyauta ba ƙaramin abu ba ne. Sa'an nan sau da yawa fitilar kallo takan yi aikin hanya ba da niyya ba, domin wurin da a da mace ba ta iya ratsawa bayan magariba, yanzu tana ratsawa.

A cikin mutane ma akwai wannan rabo, har a cikinmu masu rawani. Akwai malamin da in ka tashi daga gabansa ka ga hanyarka, akwai wanda in ka tashi shi kaɗai ka gani. Amma wannan wani babi ne, Allah ya rufa mana asiri.

*Mai fitila shi ne ke zaɓe,*
*Yai maka nuni, ya rufe saura.*

Wannan baiti shi ne ginshiƙin maganar. Rana ba ta da ɗan ɗaki. In ta fito takan haska fada da juji daidai wa daida, ba ta neman iznin kowa. Wanda ya bi wannan gaɓa da hantsi ya san abin da ke nan: tarin leda, ruwan kwata yana gangarowa cikin wanda a ke kamun kifi, yara 'yan talla da ya kamata a ce suna gaban allo. Da dare duk wannan ya ɓace. Ba kwashe shi aka yi ba, ba a dai kunna masa fitila ba. Don haka birnin da ka gani da rana, birnin ne yadda ya ke, wanda ka gani da dare kuwa birnin ne yadda mai fitila ke so ka gan shi.

Fitila ba ta ƙarya. Duk abin da ta nuna yana nan. Sai dai ta yi kama da shaidar da ya faɗi rabin abin da ya sani ya haɗiye rabi, ko ɗan kasuwar da ya jera manyan goro a bakin huhu. Kowane ƙwaya da ya nuna maka goro ne na gaske, amma in ka saye huhun a kan abin da ka gani a sama, kai ka san abin da za ka iske a gida. Masu fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan ɓoye aibin haja, mu kuma jikokin fatake ba a koya mana zura hannu ƙasan huhu. Abin mamaki shi ne mutumin da ba a iya cutarsa a goro, sai ga shi an sayar masa da gari sukutum ya karɓa bai zura hannu ba.

Suna ma fitila ne. Gada ta biyu, wadda ke sauka a Dantokpa, an sa mata sunan Martin Luther King, baƙar fatar Amurka da aka kashe a 1968 yana neman wa mutanensa haƙƙi. Ta uku, wadda aka buɗe a 2004 da taimakon Jamus, an sa mata sunan Konrad Adenauer, shugaban gwamnatinsu na bayan yaƙi. Kowane ɗan zemijan ya san sunayen nan. Tsohuwar gada kuwa an gina ta a zamanin da aikin tilas ke bisa doka a ƙasashen da Faransa ke mulki, ba a soke shi ba sai a 1946, waɗanda suka ɗauki ƙarfenta da duwatsunta a ka ba allo ɗaya da ke ɗauke da sunansu.

*Kallo bashi ne a wuyanka,*
*Je ka biya, ta maƙwabci fara.*

In ka ce: ya Malam, ni ban kunna fitilar nan ba, ban zaɓi abin da za ta haska ba, yaya bashi zai hau ni don na ɗaga ido? Sai in ce maka: ka rarrabe tsakanin laifi da bashi. Laifi yana kan wanda ya aikata, ba ya tsallakawa zuwa wani. Bashi kuwa yana bin dukiya duk inda ta tafi. Ai ka sani ba a raba gado sai an fid da bashin mamaci, alhali magaji bai ci kuɗin ba, wataƙila ma ba a haife shi ba ran da aka ranto. Ba a ce ya yi laifi ba, an dai ce ba zai ɗauki gona ya bar takardar da ke rataye da ita ba. Wannan kyan da ka tsaya kana mora da dare gado ne da ya faɗo hannunka, akwai waɗanda suka biya kuɗinsa da gidajensu ko da ƙarfinsu, kuma su ne ke cikin duhun da fitila ta tsallake.

Da me a ke biya? Mafi ƙaranci shi ne ka sani, ka ƙi yarda mai fitila ya zama shi ne limamin idonka. Duk inda haske ya tsaya, ka ƙara taki goma ka ga abin da ke bayansa. Sa'an nan in ana yabon gari a majalisa, ka yaba tare da su, domin ya cancanta, amma ka ambaci waɗanda ba a ambata ba. In ka iske tsohuwa tana sayar da kifi a wurin da ba nan ta saba ba, kada ka matse ta a ciniki har ta sayar da faɗuwa.

Na ce ta maƙwabci fara saboda na san halinmu. Yana da sauƙi mutum ya yi kukan mutanen nesa ya tsallake na ƙofar gidansa. A cikin Zongon nan akwai lungun da in ka baro babban titi taki ashirin sai ka laluba bango, akwai ɗakin haya da yaro ke bitar karatu da hasken waya. Wanda Allah ya hore wa mita, ƙwai ɗaya a ƙofar zaure, fuskarsa ƙasa, ba zai talauta shi ba, tsohuwar da ke fita asuba kuwa ita ta san darajarsa.

Dattawa kuma za su ce: to ai maganarmu ta fito, a zauna a gida a huta da bashi. Allah ya ƙara muku girma, ba haka ba ne. Wanda ya rufe ido bai biya kowa ba, ya dai ƙi karanta takardar. Kuma da yaron da ya fita ya ga gari ya komo da tambaya, da wanda ya kwana a dakali ana cin naman mutane, ni na san wanda na fi yi wa tsoro. Sharaɗin da na gindaya wa samari shi ne wanda kowa ya sani, kada fita ta ci salla, kada ido ya bar fitila ya koma kan matan mutane, a kuma komo kafin a rufe ƙofa.

*Su wa ke nan kafin hasken?*
*Wa aka tayar, wa aka kora?*

Daga tsohuwar gada in ka juya kudu, wajen da ruwan ke haɗuwa da teku, nan unguwar Hwalakoji ta ke, wadda wasu ke ce wa Plakoji. Mutanenta Hwala ne, masunta, suna cikin waɗanda suka riga kowa zama a wannan rairayi, tun ba a san za a yi birni ba. A watan Oktoba na 2021 aka rushe babban sashenta don a gyara tsakiyar gari. Hukuma ta ba waɗansu fili da kuɗi a wajen gari, ta kuma kawo hujjarta, cewa wurin ya ƙazantu kuma teku na cinsa. Hujjar ba wofi ba ce. Tun da aka gama tashar jirage a 1965, ginin ya tare rairayin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, teku ta yi ta cin gaɓar gabas har ta haɗiye gidaje. Amma a watan Disamba na 2023 ƙungiyar Amnesty ta fid da rahoto cewa aƙalla mutum 6,000 aka tayar daga wurare huɗu na bakin tekun ƙasar nan, Hwalakoji na ciki, kuma da yawa ba su sami diyyar da ta dace ba. Ko da an biya mutum, masunci in ka nisanta shi da kwalekwalensa ka ba shi fili a tudu, ka ba shi ɗaki ne ka karɓe sana'a.

Kasuwar Dantokpa ma, wadda aka kafa a gaɓar nan a 1963, inda iyayenmu suka sayar da albasa da goro da fata, hukuma ta yanke shawarar ɗauke ta daga bakin ruwa ta rarraba ta a sababbin kasuwanni. Ban ce kada gari ya sake ba, garin da bai sake ba kufai ne.

Abin da na ce, mu mutanen zango mun fi kowa cancantar mu ji wannan a jikinmu. Sunan unguwarmu kansa na masaukin ayari ne, wurin da a ke kwance kaya yau a ɗaure gobe. Akwai tsofaffi a cikinmu da aka koro daga Gana a 1969 da tabarma a ka, kamar yadda aka koro mutanen Dahome daga Nijar a ƙarshen 1963, Nijeriya kuma ta kori nata baƙin a 1983. Kowace ƙasa ta taɓa yin kora, kowace an taɓa korar nata.

*Ga ta tsaye da takobi a hannu,*
*Wa ya tuna bayin da ta tara?*

Wannan ita ce macen tagulla da samari ke zuwa gani, tsakanin tashar jirage da fadar shugaban ƙasa. Tsayinta mita 30, bindiga a hannu ɗaya, takobi a ɗaya, fitilu na bugunta daga ƙasa. Shugaban ƙasa na lokacin, Patrice Talon, ya buɗe ta ran 30 ga Yuli 2022. Hukuncin sassaƙa surar mai rai sananne ne a littattafanmu, ba shi ne babin yau ba, ba mu muka kafa ta ba, ba a kuma nemi mu rusuna mata ba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne me aka haska, me aka bari.

An kafa ta don tunawa da rundunar mata ta sarakunan Dahome, waɗanda Fon ke kira Agojiye. Jaruntakarsu gaskiya ce, abokan gabansu ma sun shaida. A nan Kwatano, ran 4 ga Maris 1890 kafin gari ya waye, suna cikin rundunar Sarki Behanzin da ta auka wa sansanin Faransawa. A 1892 suka sake tsayawa gaban Dodds da manyan bindigoginsa, aka kashe mafi yawansu, Abome ta faɗi a watan Nuwamba. Behanzin ya ba da kai a 1894, aka kai shi tsibirin Martinik, ya mutu a Aljeriya a 1906. Al'umma tana da haƙƙin girmama waɗanda suka ƙi miƙa wuya, yadda mu ke girmama Sarkin Musulmi Attahiru da ya faɗi a Burmi a 1903. Har nan fitila ta yi gaskiya.

Saura abin da ke ƙasan huhu. Wannan runduna ba don Faransawa aka kafa ta ba, ta daɗe kafin su. Aikin mayaƙan Dahome shekara da shekaru shi ne hari kan maƙwabta da kamun mutane, waɗansu a kai su gonakin kwakwar manja, waɗansu a yanka a bikin sarauta, waɗansu a kora su Wida a sayar wa jirage. Sun kai wa Abekuta yaƙi a 1851 da 1864 ba su ci ba, suka rushe Ketu a 1886. Su kansu matan da yawa ba da sonsu suka shiga ba, akwai kamammu, akwai waɗanda iyayensu suka miƙa wa fada. In ka shiga kwalekwale ka bi ruwan nan arewa za ka iske Ganbiye, gari sukutum a kan turaku a tsakiyar tabki. Kakannin mutanensa gudun masu kamun bayi ne ya kai su can, domin an ce al'ada ta hana mayaƙan Dahome bin mutum cikin ruwa. Jikokinsu ne matan da ke tuƙo kifi zuwa gari da asuba.

Kada Bahaushe ya ji wannan ya yi murmushi. Da na faɗa wa almajirina labarin a gindin tagullar, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, mu dai ba ruwanmu a ciki ke nan." Na ce, ɗana, ruwanmu har wuya. Muna cikin waɗanda aka sayar: ta wannan gaɓa aka kwashi Hausawa zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, har suka shirya tawaye a can a 1807, waɗansu kuma suka shiga na watan azumi a 1835. Muna cikin masu sayarwa, domin ayarin da ya gangaro kudu ba kanwa da fata kaɗai ya koro ba, kasuwannin ƙasar Hausa kuma sun san cinikin mutum. Muna kuma cikin waɗanda suka harbi matan nan, domin a 1891 Faransawa sun kafa bataliya da suka sa wa sunan Hausawa, ta kuwa yi yaƙin 1892 a ƙarƙashin Dodds. Ba duka Hausawa ne a cikinta ba, amma sunanmu ta ɗauka, kamar dai sojan da Ingilishi suka tara a Ikko suka kai Kumasi a 1874. Yanzu ka tuna labarin da a ke ba yara a zaurukanmu, na madugai da goron Gwanja da malaman da suka kawo karatu kurmi. Duk gaskiya ne. Mu ma dai mun iya dasa fitila.

*Tushen hasken can wani kogi,*
*Wanda ya shanye Busa ya ƙara.*

Almajirina ya tambaye ni daga ina wutar nan duka ta ke zuwa, tambayar da ban ji wani babba ya yi ba. Ƙasar nan ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga maƙwabta. Tun farkon shekarun 1970 a ke jawo ta daga madatsar Akosombo ta Gana, a 2007 aka haɗa waya daga Ikeja ta Nijeriya zuwa Sakete, sa'an nan a 2019 aka buɗe tashar Mariya-Gileta a bayan gari don a rage dogaro da waje. Wuta in ta shiga waya ta gauraya, kamar ruwan rafuka in ya shiga gulbi. Amma tushe yana nan. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ta tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu. Ta Kainji a kan Kwara, wadda ke cikin masu ciyar da wayoyin Nijeriya, ta tashi fiye da 40,000, tun daga ƙasar Yawuri har Bargu. Watau hasken da ke rawa a kan wannan ruwa, wani ruwa ne ya haife shi, shi kuwa wancan ruwa a kan gonaki da kusheyi ya ke kwance. A arewacin ƙasar nan kuma har yanzu akwai ƙauyukan da waya ba ta kai ba.

A ranar da aka buɗe macen tagulla, an buɗe wani mutum-mutumin a mararrabar filin jirgin sama, na barde bisa doki ya ɗaga ƙafafun gaba. Shi ne Biyo Gera, jarumin Bargu da ya tayar wa Faransawa aka kashe shi a 1916. Fatakenmu na hanyar Gwanja sun san Bargu sarai, sun biya fito a cikinta, sun kuma ji tsoron dajinta. Manyan gadajen sarautarta uku ne, Nikki da Ilo da Busa, Turawa suka raba ta biyu a 1898, Nikki ta faɗo wa Faransa, Busa ta faɗa wa Ingila. Shi barden yana nan cikin haske kowane dare, duk mai sauka daga jirgi da shi ya ke fara gaisawa. Mutanen Busa kuwa an gina musu wani gari a tudu aka sa masa suna Sabuwar Busa, tsohuwar tana ƙarƙashin tabkin Kainji tun 1968.